Yadda Aka Naɗa Ni Ɗan Iska a Birnin Busau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa bai kafa masa dirka ba, ya saki iska bai sa mata linzami ba, ya halicci mutane ya raba musu zukata, ta wani mai sanyi, ta wani irin tawa. Bayan haka, ya ku jama'a, tun da na zauna nake ganin idanunku a kan hannun damana. Ku daina satar kallo. Ga shi nan, ku duba da kyau, babban yatsa ne kaɗai da dungu. Ni ne Anaruwa ɗan Sarkin Jirgin Tungar Kwarkwaro, kuma zan gaya muku inda sauran yatsun suka tafi, bisa sharaɗin kada kowa ya ce mini "da ka yi haƙuri". Na ji wannan magana har ta ishe ni.

Tungarmu tana bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa. Mu mutanen filafili ne da sandar tuƙi, ba mu san wata dabara ba bayan su. Idan iskar gabas ta taso, duk jirgin da ta tarar a tsakiya sai ta kora shi yamma, inda sanda ba ta taɓa ƙasa, filafili kuma ya zama abin wasa. Haka ta yi wa mahaifinmu da rana tsaka. Muna tsaye a gaɓa ni da wana Nomau, muna kallonsa yana tuƙi da iyakar ƙarfinsa, fuskarsa tana wajenmu, jirginsa yana ja da baya, har ya zama ɗigo, har ya ɓace. Dattawan tunga suka ce ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, amma tun zamanin kakanni iskar nan take cin mutanenmu, ba a taɓa samun namiji ɗaya da ya tashi ya tambayi duniya yadda ake tunkarar ta ba? Suka ce ba ni da kunya. Na ce su ba su da zuciya. Ana gama sadaka na ɗaure kayana.

Nomau masassaƙi ne. Rabin jiragen tungarmu daga hannunsa suka fito, amma ko a kududdufi ka jefa shi sai ka shiga ka tsamo shi, don bai taɓa koyon iyo ba. Irin mutanen nan ne da za ka taka musu ƙafa su tambaye ka ko ka ji ciwo. Na tarar da shi a bakin ruwa ya riga ni shiga jirgi, da gizagonsa, da duwatsun washinsa, da ƙirgin bijimin da aka yanka a sadakar mahaifinmu.

Na ce, "Yaya, ina za ka? Kai da ba ka son tafiya?"

Ya ce, "Ba ilimi zan je nema ba. Zan bi ka ne don a sami mai ba mutane haƙuri."

Muka bi bakin tafki, muka shiga ƙorama, ƙorama ta ba mu ga kogi, kogi ya ba mu ga wani, har harshen mutane ya sauya, har taurarin da muka sani suka koma gefe. A ƙirgin nan muke kwana, da shi muke rufa idan ana ruwa.

Abin mamaki na farko a Kogin Zarandu muka gan shi. Ruwa ne mai gudu kamar an koro shi, ko ƙato ba ya tsallaka shi da filafili. Amma ga wata tsohuwa tana fiton mutane, tana zaune a jirgi tana ɓarar gyaɗa. Na tsaya na duba. Ashe doguwar igiya aka ɗaure a wani dutse can sama a tsakiyar kogin, ta rabu biyu kafin ta iso jirgin, ɗaya a goshi, ɗaya a gindi. Sai tsohuwar ta rage ɗaya ta saki ɗaya, jirgin ya karkace, gudun ruwan da kansa ya ture shi zuwa wancan ƙetare. In za ta dawo sai ta sauya. Haushi ya kama ni, ni da tafin hannuna ya yi kanta saboda tuƙi, ga tsohuwa ta sa kogi bauta ba ta ko yi gumi ba. Nomau ya sassaƙa mata turmi, ta koya mini karkatar da jirgi ga ruwa. Sai dai tafkinmu ba ya gudu, don haka muka yi gaba.

Daga nan muka faɗa ƙasar fadama, inda mutane ke jeme fatar wani babban kifi har ta yi laushi kamar mayafi, su ɗaura igiya a kusurwoyinta huɗu, su sake ta sama ta tashi kamar shirwa, tana jan jirgi a kan ruwa da ciyawa. Na gwada da ƙirginmu. Ya tashi kamu ɗaya ya faɗo mini a ka, garin duka ya fashe da dariya. Na kama wuyan wanda ya fi kowa buɗe baki, Nomau ya ɓamɓare ni, ya yini yana ba da haƙuri da hannu tunda ba mu jin harshensu. Da ƙura ta lafa na koyi ɗaurin kusurwa huɗu a wajensu, sannan na tambaye su da ishara, idan iska ta kai ku, yaya kuke dawowa? Suka nuna mini cewa ba sa dawowa, sai iska ta juya a wata shekara. Kowane magidanci gida biyu gare shi, ɗaya a kowane ƙarshen fadama. Na tofar da yawu. Ashe su ma iskar ce take kiwon su.

Wani mai fataucin gishiri ne ya ambata mana Busau. Birni ne a ƙuryar wani babban lungu na teku, duwatsu sun kewaye shi dama da hagu, ƙofa ɗaya ce tak ta ruwa. Ta wannan ƙofa iska take shigowa, ba ta hutawa, ba ta juyawa, kullum tana tura ruwa zuwa gari. Ruwansu kuma yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani ba, da safe ya janye, da yamma ya cika. A nan na ga abin da na bar gida dominsa. Jiragensu suna da itace tsaye a tsakiya da ƙyalle mai kusurwa uku, suna tunkarar iska a karkace, su yi dama su yi hagu, suna cin gaba a cikin haƙoranta. Da na ga jirgi na farko ya fita ta ƙofar nan, sai na zauna a kan yashi na yi kuka, don da mahaifinmu ya san wannan da yanzu yana gida.

A Busau muka sami mutum ɗaya mai jin Hausa, wani tsoho Gwadabe. Fatake ne suka zo da shi tun bai daɗe da yaye ba, Hausarsa ta tsaya inda ta tsaya. Ya san ruwa, ya san tuwo, ya san uwa da uba, amma bai san abin da magana take nufi idan manya suka haɗa ta ba. Shi ya zama tafintanmu. Nomau ya shiga cikin masassaƙansu, ni na shiga jirgi. Ban yi wasa ba. Na koyi jan ƙyalle da sakinsa, na koyi sauraron iska da kunne da kumatu, har ranar gasarsu ta shekara na fita ƙofar teku na dawo kafin 'ya'yan garin.

Aka tara jama'a a dandali. Sarkin jiragensu, wani dogon tsoho mai farin gashi har kafaɗa, ya kira ni gabansa, ya ɗora mini hannu a ka, ya ɗaga murya ya faɗi wata kalma. Jama'a suka amsa. Ya ƙara, suka ƙara. Ina ta murmushi. Na juya na ce wa Gwadabe, "Baba, me yake cewa?"

Gwadabe ya washe baki ya ce, "Ya ce kai ɗan iska ne."

Na ce, "Me?"

"Ɗan iska. Ya ce tun da ya gan ka ya san kai cikakken ɗan iska ne. Ya ce ba shakka ubanka ma ɗan iska ne, don ɗan iska ne kaɗai yake haifar irinka."

Ya ku jama'a, ku gaya mini tsakani da Allah. Ubana, wanda ko kabari ba shi da shi, a gaban dubban mutane, suna tafi! Na ji Nomau yana cewa "Anaruwa, tsaya," amma hannuna ya riga kunnena. Marin da na yi wa tsohon nan, sai da hularsa ta faɗa cikin jama'a.

Daga baya na ji cewa a harshensu babu sarautar da ta fi wannan, kuma ba su taɓa ba baƙo ita ba sai ni. To, wa ya gaya mini? Mutumin da bai san bambancin yabo da ashar ba, me ya kai shi tafinta? Har gobe wuyan Gwadabe nake ɗora wa wannan al'amari.

Na miƙa hannuwa na ce su ɗaure ni. Ba wanda ya kalle ni. Nomau suka kama. Ashe a al'adar Busau ƙane ba shi da hannun kansa muddin wansa yana raye, duk abin da hannun ƙane ya yi, wa ne ya yi. Na yi ihu, na yi zagi da Hausar da Gwadabe bai taɓa ji ba, na ce ni na yi marin, ga kumatuna, ga wuyana. Gwadabe ya fassara mini hukunci. Gobe da safe idan ruwa ya janye, za a kai Nomau kan tudun yashin da ke ƙofar teku a bar shi. Da yamma ruwa zai rufe tudun. An yarda in je in ɗauko shi da jirginmu, amma tunda a wajensu marin sarkin jiragen marin iska ne, an haramta mini ita, ba ƙyalle, ba tabarma, ba abin da zan ɗaga sama. Filafili da sanda kuma an karɓe, don ba a zuwa wurin hukunci da su.

Na ce, "Baba, an taɓa ɗauko wani?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a taɓa ba."

Da safe suka wuce da shi ta gabana. Ko ɗaure shi ba su yi ba, don an gaya musu bai iya iyo ba. Ya dube ni ya ce, "Ka kula mini da gizagona, kada gishiri ya ci shi." Abin da ya ce ke nan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na tura jirgi na kwanta a goshinsa ina tuƙi da tafin hannu. Na ɗan yi nisa, iska ta mayar da ni gaɓa. Na sake, ta sake. Na faɗa ruwa na gwada iyo, raƙuman ruwa suka tofo ni kan yashi kamar ƙwallon goruba. Mutanen Busau sun cika gaɓa, wasu sun shiga jiragensu suna kewaya ni don su tabbatar ban karya doka ba. Rana ta take tsaka. Can nesa ina hango tudun, da ɗan baƙin abu tsaye a kansa, kuma tudun ya fara ƙanƙancewa. Na taɓa tsayawa a gaɓa ina kallon nawa yana zama ɗigo, ga shi za a maimaita mini.

Na sake turawa har inda ruwa ya yi zurfi, iska ta fara mayar da ni, sai zuciya ta ɗebe ni. Na shiga jifa da duk abin da hannuna ya taɓa. Na jefar da tukunya, na jefar da buhun gero. Na ɗauki ƙirgin nan, da duwatsun washin Nomau naɗe a cikinsa, na ɗaga shi sama na ce, "Ke iska, kin ci uban, ga sadakarsa ma ki haɗa!" Na maka shi a ruwa. Na manta cewa Nomau, mai tsoron ɓatan kaya, kullum yana ɗaure shi da doguwar igiya a goshin jirgi.

Ƙirgin ya nutse. Igiya ta bi shi, ta bi shi, ta miƙe. Sai jirgin ya yi wata fizga da ta kayar da ni. Na tashi zan ci gaba da zagi, sai na ga goshin jirgina ya juya ya fuskanci iska, kuma gaɓa ta daina matsowa.

Na dafa igiyar, na ji ana jan ta daga ƙasa. Na tambayi kaina abin da ya kamata in tambaya tun ranar da na zo. Ruwan da iska take turo wa garin nan dare da rana, ina yake zuwa, tunda garin bai nutse ba? Ashe ta ƙasa yake komawa. Akwai kogi a ƙarƙashin teku, yana gudu zuwa ƙofa, yana saɓa wa iska, su kuwa mutanen Busau idanunsu na sama tun kakanninsu, ba wanda ya taɓa leƙa ƙasa.

Na jawo ƙirgin da ƙyar. Na huda kusurwoyinsa huɗu na yi masa ɗaurin mutanen fadama. A kusurwoyin ƙasa na rataya duwatsun washi, a na sama na ɗaura gorunan ruwan shanmu da dogayen igiyoyi, don su yi iyo a sama su riƙe shi tsaye a cikin zurfi. Na fitar da igiya biyu zuwa jirgi irin na tsohuwar Zarandu, ɗaya a ramin goshi, ɗaya a katakon zama. Na sake shi. Gorunan suka yi gaba, suna tafiya cikin iska kamar ana jan su, igiyoyi suka yi ƙara, jirgina ya bi.

Gaɓa ta ruɗe. Jirgin sarkin ya matso, Gwadabe yana ciki yana ihu, "Sun ce ka karya doka!"

Na ce, "Gaya musu su nuna mini abin da na ɗaga sama! Gaya musu da kyau, Baba, in ka iya!"

Suka duba sama, ba komai. Suka duba hannuna, ba filafili. Tsohon da na mara ya ɗaga hannu, aka bar ni.

Tafiya ce ta hawainiya. Rana tana gangarawa, ruwa yana hawa. Tudun ya ɓace, sai Nomau tsaye a kan ruwa zuwa gwiwa, sannan ƙugu, sannan ƙirji. Da na matso sai na ga wata masifar. Kogin ƙasa ba ta kan tudun yake bi ba, ta gefensa yake wucewa, kuma abin da nake tuƙawa ba shi da tsayawa ba shi da komawa. In na wuce shi, na wuce ke nan. Na rage igiyar katako don ƙirgin ya karkace, jirgin ya fara gusawa wajensa. Na ƙara ragewa. Ruwa ya kai masa wuya, ya ɗaga haɓa sama. Na ƙara. Sai katakon zama ya ce ƙaras, ya tsage, igiya ta zabura za ta bar jirgin.

Na cafke ta da hannun dama, na naɗe ta a yatsuna, na tokare ƙafafuna a haƙarƙarin jirgi. Nauyin kogin nan gaba ɗaya ya dawo kan hannuna. Na ji igiya ta ci fata, ta ci nama, na ji ƙashi yana ƙara kamar ana karya kara. Ban yi salati ba, Allah ya yafe mini, zagi nake yi. Na zagi iska, na zagi Busau, na zagi Gwadabe da fataken da suka kawo shi. Jirgin ya karkata, ya karkata, ya zo daidai inda ruwa yake rufe bakin ɗan'uwana. Na miƙa hagu na damƙi wuyan rigarsa. Ya kama gefen jirgi, ya mirgino ciki yana aman ruwa.

Da ya ga hannuna sai ya zaro wuƙa zai yanke igiya. Na ce, "In ka yanke ta sai na jefa ka inda na ɗauko ka! Iska za ta mayar da mu wajensu. Ɗaure ta a gindi, Yaya, ɗaure ta!" Ya jawo ragowar igiyar ya ɗaure a ramin gindin jirgi, sannan ya warware abin da ya rage a hannuna. Yatsu huɗu sun tafi. Ya yage rigarsa ya naɗe mini dungun, hawaye yana zuba, mutumin da ruwa ya kai masa baki bai yi kuka ba.

Kogin ƙasa ya fitar da mu ta ƙofar teku. A bayanmu mutanen Busau suka miƙe tsaye a jiragensu, har da tsohon, suka ɗaga murya gaba ɗaya suna kiran kalmar nan tasu. Wannan karon ban nemi tafinta ba. Ban juya ba, ban kuma yafe ba.

Yadda muka komo gida wata doguwar wahala ce. Mun dawo da ilimin ƙyalle mai kusurwa uku, kuma tun daga lokacin iskar gabas ba ta ƙara cin mutum a tungarmu ba. Amma ni tambaya ɗaya ce ta hana ni sukuni, ko tafkinmu ma yana da kogi a ƙasa, wanda da mahaifinmu ya sani da ya dawo da shi. Ranar da iskar gabas ta fara tasowa na ɗauko ƙirgin, na rataya masa duwatsu da goruna a gaban duk mutanen tunga, na tura jirgi inda ruwa ya yi zurfi, na jefa. Gorunan suka tsaya, suka yi rawa, sannan suka kama hanyar gabas, suka nufo gida.

Ina tsaye ina kallon su, jirgin yana bin su. Ina isowa gaɓa, sai wani daga cikin dattawan nan da suka ce ba ni da kunya ya kaɗa kai ya ce, yadda kowa zai ji, "Ƙirgi mai kyau, ƙirgin sadakar ubansa, ya jefa a ruwa. Kai, yaron nan ɗan iska ne."

Na diro daga jirgi. Na ɗaga dama, na tuna ba komai a kanta, na ɗaga hagu. Kafin ta sauka na ji an riƙe ta gam da hannu biyu. Nomau ne. Ya jawo ta ya manna a ƙirjinsa, ya ce a hankali, "Ƙanena, guda ɗaya ya rage mana. Bar mana shi."

Nan hikayata ta tsaya. Allah ya ba ku iska a bayanku, in ta ƙi, ya ba ku ruwa a ƙasanku. Wanda kuma bakinsa yake ƙaiƙayin cewa da na yi haƙuri, ya duba da kyau, hagun tana nan, Nomau kuwa yau bai biyo ni ba.